Shekara huɗu ina riƙe da Porsche 911, ga abin da na gani

Tun da na saka hoton motar nan mutane ke ta tambayata, wasu suce nawa ka saya, wasu suce wai da gaske injinta a baya yake, wani ƙanena ma cewa yayi Yaya in ka gaji da ita ka sako min ita a jirgin ruwa. Toh bari yau in zauna in faɗi komai yadda yake. Ina zaune ne a kudancin Jamus, kusa da Karlsruhe, tafiyar kamar awa ɗaya zuwa Stuttgart inda ake ƙera ta. Tawa 911 Carrera ce ƙirar 2009, irin wadda masu harkar suke kira 997.2, mai giyar hannu guda shida, kuma ba sabuwa na saya ba, hannu na uku ce ta zo min.

Maganar da zan fara da ita, wadda da wani ya faɗa min ita tun farko da na ji daɗi: kuɗin sayen motar nan sadaki ne kawai, ci da sha da sutura suna gaba. Duk wanda ya tattara duk abin da ya mallaka ya biya kuɗin mota ya koma gida aljihu wayam, wallahi wata shida ba zaiyi ba zai fara neman mai saye.

Ni son motar ba a Jamus ya kama ni ba. Ina da wani kawu da yayi direban babbar mota tsakanin Damagaram da Agadas shekara da shekaru, shi ne yake bamu labarin motocin tseren Paris zuwa Dakar da suke ratsa Nijar a shekarun 1980, yace kafin ka ga mota sai ka fara ganin ƙura ta tashi kamar guguwa, kafin kace kwabo ta wuce sai ƙara kawai take bari a kunnenka. Shi bai san sunayensu ba, duk motocin Nasara yake ce musu. Sai da na girma na gane cewa a 1984 wata 911 ce da aka ɗaga mata ƙafa aka sa tayoyinta huɗu duka suna ja ta ci tseren, direbanta wani Bafaranshe René Metge, sannan a 1986 Porsche 959 ta zo ta ɗaya da ta biyu, Metge a gaba Jacky Ickx na bin sa. Motar da aka sani da kwalta ta shiga rairayin Tenere ta fito gaban kowa. Daga nan ne abin ya shiga raina.

Asalin gidan kuwa, wani injiniya ne Ferdinand Porsche, an haife shi 1875 a wani gari da yanzu yake cikin Jamhuriyar Cek. Mutumin nan tun 1900 ya kai mota mai aiki da lantarki baje koli a Paris, kaga ke nan abin da ake ta yayi yanzu shi ya taɓa shi tun kafin a haifi kakanninmu. A 1931 ya buɗe ofishin zanen motoci a Stuttgart, lokacin ba mota suke ƙerawa da sunansu ba, zana wa wasu suke yi. Shi ya zana Volkswagen Bitil, wannan dai da iyayenmu malaman makaranta suka hau, wadda har a Legas an harhaɗa ta. In ka taɓa buɗe bayan Bitil ka ga inji a kwance babu lagireto iska ce ke sanyaya shi, toh ka ga kakar 911 da idonka.

Amma akwai ɓangaren da bana son in tsallake, don ranar da na fara karanta shi jikina yayi sanyi. Bitil ɗin nan aikin gwamnatin Hitler ne, Ferdinand ɗan jam'iyyar Nazi ne, ya zana musu tankokin yaƙi, kuma an yi amfani da mutanen da aka tilasta wa aiki a masana'antun da yake da hannu a ciki. Cikin waɗanda suka kafa ofishin da shi akwai Adolf Rosenberger, Bayahude, wanda ya sa kuɗinsa a ciki, a 1935 aka raba shi da hannun jarinsa, ƙarshe Amurka ya gudu. Bayan yaƙi Faransawa suka kama Ferdinand a ƙarshen 1945 ya kusa shekara biyu a tsare, ya rasu a farkon 1951. Ina son motar, amma wannan tarihin yana nan kuma ya kamata mai saye ya sani.

Ɗansa Ferry shi ne ainihin wanda ya mayar da sunan ya zama mota. A wani ƙaramin gari Gmünd a Ostiriya, cikin tsohon wurin yankan katako, suka haɗa 356 ta farko, aka yi mata rajista ranar 8 ga Yuni 1948, yawancin kayanta na Bitil ne aka gyara. Ana yawan ambato cewa Ferry yace ya duba ko'ina bai ga motar da yake mafarki ba shi ne ya ƙera abarsa. Dokin da kuke gani a tambarin daga tambarin birnin Stuttgart aka ɗauko shi, ƙahonnin barewa da ja da baƙi kuma na yankin Württemberg ne. Ita 911 sai a 1963 aka nuna ta a baje kolin Frankfurt, ɗan Ferry ne ya jagoranci zanen jikinta, wanda ake wa laƙabi da Butzi, kuma da farko 901 ne sunanta, sai Peugeot suka ce a'a, lamba uku mai sifiri a tsakiya tasu ce a Faransa, shikenan aka cire sifiri aka sa ɗaya. Injinta na lokacin lita 2 ne, ƙarfin doki 130. Tawa lita 3.6 ce, doki 345, amma in ka jera su ka kalle su ta gefe ko yaro zai ce maka uwa da 'ya ne.

Abin da ya fi burge ni a labarin gidan nan taurin kai ne. Duk injiniyan da ka tambaya zai ce maka rataye inji a can bayan tayoyin baya ba dabara bace, nauyi duk ya koma baya, kusan kashi 60 cikin 100, in ka shiga kwana da gudu ka saki totur bayan motar sai ya nemi ya wuce gabanta. Turbo ta farko ta tsakiyar shekarun 1970 har suna aka sa mata mai mayar da mata zawarawa saboda haka. Su kansu kamfanin sun so su kashe 911 su maye ta da 928 mai inji a gaba, sai wani sabon shugaba Peter Schutz ya zo a 1981, ya shiga ofishin babban injiniyansu Helmuth Bott ya ga jadawali a bango layin 911 ya tsaya, ya ɗauki alƙalami ya ja layin ya wuce takardar har kan bango. Maimakon su canja wurin injin, shekara sittin suna gyara ƙafa, suna faɗaɗa tayar baya, suna ƙara tsawon mota kaɗan kaɗan har abin da ake kira aibi ya koma shi ne daɗinta. A 2017 suka fitar da 911 ta miliyan ɗaya.

Sun kusa durƙushewa fa. Farkon shekarun 1990 ciniki ya faɗi ƙasa warwas, Wendelin Wiedeking ya karɓi ragama ya ɗauko Japanawa tsofaffin ma'aikatan Toyota suka koya musu yadda ake aiki ba ɓarna, sai Boxster ta fito 1996, sai 911 ta koma sanyaya inji da ruwa daga 1997, masoyan tsohuwar har yau basu huce ba. Cayenne ɗin nan da kuke gani a titunan Abuja ta 2002 ce ta fara, kuma ita da ƙanwarta Macan su ne suke kawo kuɗin cefane a gidan. Daga baya suka yi yunƙurin haɗiye Volkswagen gaba ɗaya, bashi ya shaƙe su a 2009, reshe ya juye da mujiya, Volkswagen ce ta ƙarasa mallakar su a 2012. Wannan dai maganar manya ce, mu koma kan mota.

Wata takwas nayi ina nema. Dalilin da yasa na nace sai 997.2 shi ne injinan da suka gabace ta, na 996 da farkon 997, an san su da maganar wani boris da ake kira IMS wanda in ya watse yakan tafi da inji gaba ɗaya, har ƙara aka shigar a Amurka a kan sa aka yi sulhu. Ba kowace ce take yi ba, da yawa suna nan lafiya lau, amma ni ban son kwana da fargaba. Injin da ya fito daga 2008 an sake shi ne gaba ɗaya babu sandar da boris ɗin yake jikinta ma sam. Sannan 997 ita ce ta ƙarshe mai sitiyarin haidirolik, daga 991 da ta biyo bayanta suka koma na lantarki, kuma girmanta bai kai na sababbin ba, tana shiga lungu ba sai ka riƙe numfashi ba.

Ranar da naje gani, wani dattijo ne Bajamushe mai ita, ya fito min da fayil mai kauri kamar na kotu, duk rasit ɗin sabis tun daga ranar farko a jere da kwanan wata. Ban tsaya a nan ba, na biya aka kai ta wurin masu gyaran irinta aka ɗaga ta sama, aka jona kwamfuta. Ga wani abu da mutane basu sani ba: ƙwaƙwalwar motar tana rubuta duk lokacin da aka taɓa wuce iyakar juyin inji, mataki shida ne, na ɗaya da na biyu ba komai, amma in ka ga lamba a na huɗu zuwa sama toh wani ya taɓa jefa giya ba daidai ba a kan gudu, ka yi tunani sau biyu. Tawa ta fito fes. Kuɗin wannan binciken shi ne kuɗi mafi albarka da na kashe a kanta. Abin da na biya dattijon kuwa ya kusa sayen sabuwar Golf biyu.

Da ka shiga abu na farko da zai ruɗe ka makulli, a hagun sitiyari yake. Labarin da ake bayarwa wai daga tseren Le Mans na Faransa ne, lokacin da direbobi suke rugowa da gudu su faɗa mota, hagu na tada inji dama na saka giya. Porsche ne kuma suka fi kowa cin wannan tseren, sau 19, na farko a 1970. Agogo biyar ne a gabanka, babban na tsakiya ba na gudu bane, na juyin inji ne. Kujera ƙasa ƙasa kamar kana zaune a kan tabarma, amma gilashi ko'ina kana ganin hanya sosai, kana hango kumburin fitilun gaba guda biyu su suke nuna maka inda tayoyinka suke.

In ka murza makulli da sanyin safiya ƙarar daga bayan kanka take zuwa, wata irin gurnani mai ɗan kaushi, minti ɗaya sai ta kwanta. Bana taka ta sai baƙin mai yayi zafi, akwai agogonsa daban, ina jira ya kai wajen 90 kafin in wuce juyi 3,000, wannan kamar minti goma sha biyar ne na haƙuri. Bayan nan kuma sai abin da ka gani. Akwai wata hanya a yankin tsaunukan da ake kira Baƙin Daji, B500, daga Baden-Baden ta hau tsauni zuwa Freudenstadt, nakan fita bayan sallar asuba ranar Lahadi kafin masu babura su cika ta. Ba gudu ake yi a wurin ba don akwai iyaka kuma akwai kyamara, kwanoni ne. Ka taka birki tun kana miƙe, gaban motar ya ɗan duƙa, ka juya sitiyari kana jin duk wani tsakuwa a tafin hannunka, da ka hango ƙarshen kwanar ka ba ta wuta, sai kaji bayan ya zauna daram ya tura ka gaba kamar wani ƙaƙƙarfa ya sa hannu biyu a bayanka. Wannan turawar babu motar da na taɓa tuƙawa da take yin ta. Daga juyi 4,000 zuwa sama murya take canjawa ta koma kuka siriri har 7,000 da ɗoriya, gashin jikina har yau tashi yake.

Otoban kuma, wato babban titin Jamus, kowa tambayarsa ka ƙure maleji? A takarda tana kai 289 a awa, daga tsaye zuwa 100 cikin daƙiƙa 4.9. Ni na taɓa kai 250 sau ɗaya a inda babu iyaka, hanya babu kowa, kuma ban sake ba, don a wannan gudun babbar mota da take can nesa kafin ka ƙifta ido ta zo gabanka, ina da iyali. A 120 wani ɗan fiffike yake tashi da kansa a baya. Mutane su sani ba duk Otoban bane babu iyaka, kuma ko inda babu ɗin gudun da hukuma ta ba da shawara 130 ne, in ka wuce haka aka yi hatsari ana iya ɗora maka wani kaso na laifi ko da ba kai ka jawo ba.

Yanzu ciyarwa. Mai sai mai kyau, lamba 98, tanki lita 64, a doguwar tafiya ina samun wajen lita 10 a kilomita 100, cikin gari kuwa tana haura 14 ba kunya. Sabis duk shekara biyu ne ko kilomita 30,000 a littafi, amma ni duk shekara nake juye baƙin mai, sama da lita 7 take sha, kuma babu sandar awo, a allon gaba kake dubawa. Tayoyin baya su ne abin kuka, faɗinsu 265, nauyi da ƙarfi duk a kansu, na canja na baya sau biyu na gaba sau ɗaya tak. Kuma ana so ka sa masu alamar N a gefe, waɗanda aka yi musamman don motar. Ga inshora, ga harajin mota, ga binciken lafiyar mota na TÜV duk shekara biyu. In ka buɗe murfin baya don ka ga injin da kake ta alfahari da shi ba abin da zaka gani sai akwatin iska da wurin zuba mai, komai ta ƙasa ake yin sa, shi yasa kuɗin hannun bakanike yake da yawa ko fulogi za a canja.

Sau ɗaya na so in rage kashe kuɗi na kai ta wani gareji na unguwa, ba zan kama suna ba, juyen mai kawai. Mutumin ya zuba ya wuce ƙa'ida, washegari na tada ta sai hayaƙi fari ya turnuƙe bayan gida, cikina ya ɗuri ruwa na zata inji ya tafi. Da aka duba mai ne yayi yawa, aka rage, aka wanke, Allah ya taƙaita. Tun daga ranar wurin mutum ɗaya nake kai ta, wani dattijo da ba abin da yake taɓawa sai irin waɗannan motocin, ba dila bane kuma kuɗinsa da sauƙi a kan na dila. Shi ne ya nuna min in riƙa leƙa ramukan iska na bamba ta gaba, don lagireto biyu suna can ciki dama da hagu, ganyen bishiya yana taruwa ya jiƙe ya ruɓar da su a hankali. Ya zura hannu ya ciro ganye cike da tafi biyu ya ajiye min a kan bonet bai ce komai ba.

Lokacin hunturu bana fita da ita saboda gishirin da ake watsawa a titi, lamba mai aiki daga watan huɗu zuwa watan goma na shekara nayi mata, sauran watannin doka ma bata yarda ta taka titi ba, inshora da haraji sai su ragu. Shekarar farko na rufe ta wata biyar ban jona batir a caja ba, da bazara ta zo ko fitila bata kawo ba. Batir ɗin yana gaba cikin but, but ɗin kuma da wuta yake buɗewa. Na tsaya ina zagaya mota, sai na kira dattijon nan mai gyara yace in durƙusa wajen ƙafar direba in buɗe akwatin fis, akwai wani ɗan jan abu, in jawo shi in maƙala wayar wani batir a jiki, ɗayar wayar a ƙarfen ƙofa. Ina yi naji ƙwas, but ya buɗe. Ashe sun san za a yi haka sun tanadi hanya. Yanzu caja ƙarama tana jone da ita duk hunturu.

A shekara huɗun nan bata taɓa ajiye ni a hanya ba ko sau ɗaya, kuma tafiyar da nayi da ita ba kaɗan bace, har Ostiriya naje da ita na ga garin Gmünd ɗin da idona. But ɗin gaba yana ɗaukar ƙaramar akwati ɗaya da jakar hannu, kujerun baya na yara ne ƙanana, babba in ya shiga wuyansa zai gaya masa. 'Yata ƙarama tana son su, babban kuwa ya riga ya fi ƙarfin wurin. Ƙarar taya tana shigowa ciki sosai a doguwar hanya, rediyonta da taswirarta sun tsufa, waya nake amfani da ita. Kulochi da ɗan nauyi, in go-sulo ya kama ka a Stuttgart ƙafar hagu zata yi tsami. Dole muna da wata motar ta cefane da kai yara makaranta.

Hajiyata da ta ji labari ta kira ni tace, kai yanzu wannan ba almubazzaranci bane, mota mai ƙofa biyu ina zaka sa mutane? Nace Hajiya ki yi haƙuri, ban ci bashi ba, ban tauye haƙƙin kowa ba, shekara goma sha ɗaya ina tarawa. Tayi shiru tace toh Allah ya tsare, ka dai riƙa addu'ar hawa. Maganarta tana raina, kuma ita ce ma'aunin da nake ba duk mai tambaya ta: in sayen zai taɓa kuɗin makarantar yara ko abin da kake aika wa gida, bar ta, ba inda zata je. Abu ɗaya da yake ɗan kwantar min da hankali shi ne irin wannan ƙirar mai giyar hannu bata faɗuwa a kasuwa kamar sauran motoci, amma kar wani ya ɗauka jari ce, abin da ka kashe a taya da sabis ya tafi ke nan.

Shi kuma ƙanena mai cewa a sako masa a jirgi, na gaya masa gaskiya. Cikinta a ƙasa yake, tudun rage gudu ɗaya na unguwarmu zai kwashe leɓen gaba, ga ramuka, ga man da ba ka da tabbacin ingancinsa, ga kayan gyara sai an yi oda an jira. In lallai sai tambarin doki yake so, Cayenne ta fi dacewa da hanyoyinmu. Akwai 911 Dakar da suka fitar a 2022 mai tsayin ƙafa don tunawa da waccan nasarar, amma guda 2,500 kawai aka yi, kuɗinta kuma ba na irinmu bane.

Bara na je gidan tarihin Porsche a unguwar Zuffenhausen ta Stuttgart, dab da masana'antar, na ci sa'a an fito da 959 ta Dakar, na ɗauki hoto na tura wa ɗan kawu ya nuna masa a waya. Kawu ya tsufa sosai yanzu idon ma sai a hankali. Aka ce ya daɗe yana kallo, sannan ya karɓi wayar yace min, ɗana, irin wannan ce, amma waccan ƙura ta rufe ta ba a ganin fentin. Ya tambaye ni tawa ma haka take ƙara, nace Kawu bari watan huɗu ya kama in fito da ita, zan kira ka in ɗora wayar a bayanta ka ji da kunnenka.